Lefen Da Aka Ɗinka Da Awon Wata

Dakta Apollos ya jawo farar takarda ya zana wani abu mai kama da jakar fata, ya juyo da ita gaban Fadimatu.

"Wannan shi ne tumbinki," ya ce. "Hanya huɗu ce a gabanmu. Ki saurara da kyau, don jikinki ne."

Kafin Fadimatu ta sunkuya, wani hannu mai zobba uku ya riga ta, ya janye takardar. Goggo ce, ƙanwar mahaifin Usaid, saurayin da Fadimatu za ta aura. Ba wanda ya gayyace ta. Da safe da Usaid ya zo ɗaukar Fadimatu a gidansu da ke Jimeta, Fadimatu ta buɗe ƙofar gaban motar ta tarar da matar zaune daram, wai daga cikin garin Yola aka turo ta ta ji da kunnenta. Fadimatu ta koma baya ta zauna. Motar na lotsawa Goggo ta ce wa Usaid ya sauka ya duba iskar taya.

Likitan ya karɓe takardarsa ba tare da ya dubi Goggo ba.

"Na farko balan-balan. A zura miki shi ta baki, a cika shi da ruwa ya tare wuri. Babu yanka. Amma bayan wata shida dole a cire, kuma da yawa jikin yakan dawo. Na biyu zobe, a ɗaure wuyan tumbin. An fara barinsa, don yana zamewa, yana sa amai. Na uku a yanke tumbin a tsaye, a cire mafi yawansa, a bar miki siriri kamar ayaba. Wannan in an yi an yi ke nan. Na huɗu a ware ɗan aljihu a sama, a jawo hanji a haɗa da shi, abinci ya riƙa tsallake sauran hanyar."

"Wanne ka ga ya dace da ni, Dakta?" in ji Fadimatu.

"Da ciwon suganki, da ƙwannafin nan da ke hana ki kwanciya, na huɗu. Na uku zai iya ƙara miki ƙwannafin. Sai dai na huɗu babban aiki ne. Za ki sha ƙwayoyin ƙarin jini da na gina jiki har ƙarshen rayuwarki. Kuma ko na uku ko na huɗu, ba ɗaukar ciki sai bayan shekara ɗaya da rabi."

"Shekara ɗaya da rabi!" Goggo ta tafa hannu. "Yaron namu ya zauna yana kallon bango? Mu fa jika muke jira, ba ƙwaya ba."

Fadimatu ta juya ta dubi Usaid. Tambaya ɗaya take jira daga bakinsa tun da suka shigo. So take ya ce wanne ne ba zai cutar da ita ba. Shi ke nan, ko da bai ƙara komai a kai ba.

Usaid ya gyara hularsa ya ce, "Dakta, wanne ya fi saurin zubar da jiki? Saura wata huɗu biki."

Fadimatu ta kawar da idonta daga kansa.

"Wanda ake yankewa a jefar ɗin nan," Goggo ta sa yatsa a kan zanen, "ba za a ƙara yankawa ba? Maimakon ayaba a bar mata kamar yatsa. A haɗa mata da balan-balan ɗin gaba ɗaya."

Dakta Apollos ya ajiye biro.

"Hajiya, nan ba kwata ba ce, ni kuma ba mahauci ba ne. Kuma ku ji da kyau. Ko wanne ta zaɓa, ba zan taɓa ta ba sai suganta ya sauka. Wata uku aƙalla. Aikin kuma a Abuja muke yi. Ba wanda zai rame muku kafin Babbar Sallah."

Fuskar Usaid ta ɓaci. Amma Fadimatu ta ga abin da ba ta gane ba. Goggo ta kawar da kai tana gyara mayafi, kuma murmushi take yi.

* * *

Ba haka Fadimatu take ba a da. Shekarar da 'yan ta'adda suka shiga Mubi tana da shekara ashirin, doguwa, ba ta da jiki. Kwana uku suka yi a daji da ƙafa. Mahaifinta ya faɗi a rana ta biyu, bai tashi ba. Da suka iso Jimeta ita da Innarta, ciwon asma ya kama ta, wani mai kemis ya ɗora ta a kan ƙwayar da ke kumbura mutum, ta shekara huɗu tana sha ba wanda ya ce mata kul. Ba za a ɓoye gaskiya ba kuma, ta ci. Inna ta buɗe wurin sayar da abinci, ita kuwa duk sanda ta tuna fuskar mahaifinta a ƙarƙashin bishiyar nan sai ta buɗe tukunya. Wanda bai taɓa kwana da yunwa a daji ba ya riƙe bakinsa.

A makarantar firamaren da take koyarwa Usaid ya gan ta, ya zo daga ma'aikatar ilimi duba malamai. Da jikinta ya gan ta, da jikinta ya ce yana so. Shekara biyar ke nan. Mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Daada, ta ce zuri'arsu ba su san ƙiba ba, kuma ba daga kan ɗanta za a fara ba. Ba ta taɓa amsa gaisuwar Fadimatu da fiye da kalma ɗaya ba, ba ta taɓa kiranta a waya ba. Ga Khadijah 'yar Goggo a gida, can unguwar Bako, siririya, fara, tun tana goye ake ce mata matar Usaid.

Usaid ya kafe, Daada ta kafe. A ƙarshe aka ce an amince, da sharaɗin Fadimatu ta rage jiki kafin ranar ɗaurin aure, Asabar ta farko bayan Babbar Sallah. Don a nuna da gaske ake, jiya mata suka kawo lefe, akwati shida.

Mutanen da ke sallah sau biyar a rana ne suka zauna suka yanke wannan, suka kira shi sulhu.

* * *

Da ta dawo daga asibiti ta tarar da mata a tsakar gida ana kallon lefe. Inna sai fara'a take yi, tana ɗaga atamfa tana nunawa. Mutum ɗaya ce ba ta dariya. Zipporah, tela, maƙwabciyarsu 'yar Ganye, wadda ta shekara goma tana yi wa Fadimatu ɗinki. Tana tsaye da tef a wuya, ta riƙe wata doguwar riga ta leshi kamar ta riƙe mataccen ɓera.

Sai da matan suka watse bayan azahar sannan ta ja Fadimatu ɗaki.

"Fadi, wa ya zo ya karɓi awonki?"

"Ba kowa, Anti Zippo."

"Lambar takalmi fa? An aiko an tambaya?"

Kowa ya san yadda ake yi. Kafin a haɗa lefe, 'yan'uwan ango mata sukan aiko a karɓi awon amarya da lambar takalminta. Ba wanda ya aiko, Fadimatu kuma kunya ta hana ta tambaya.

"Usaid ya ce an ɗinka ne don bayan aiki. In na rame."

Zipporah ta ja tsaki. "Ni tela ne tun ba ki fara makaranta ba. Ƙiba yana tafiya, na yarda. Ƙashi ba ya tafiya. Tsaya nan." Ta ɗora rigar a jikin Fadimatu daga kafaɗa. Bakin rigar ya tsaya a tsakiyar ƙwauri. "Kin gani? Tsawonki inci sittin. Wannan hamsin da uku. Likitan naki zai yanka ki a gwiwa ne ya haɗa?"

Ta buɗe akwati na biyar ta zaro takalmi mai ruwan gwal, ta juya ƙasansa.

"Talatin da bakwai. Ke nawa kike sawa?"

"Arba'in da biyu."

"Ko kin zama tsinke, ƙafan nan ba zai shiga ba."

Zipporah ba ta gama ba. Ta juya rigar ciki waje, ta bi bakin ɗinkin da yatsa tana lalube.

"Mu teloli in kaya ya yi yawa muna manna suna a ciki, kada ya haɗu da na wani. In tela ba shi da hankali, yana mantawa bai cire ba. Yauwa."

Ɗan guntun farin salatif ne, an rubuta da shuɗin biro. Fadimatu ta karanta sau biyu. Khadijah, gidan Goggo, Bako.

Suka duba riga ta biyu. Suka duba ta uku. A ta huɗu an cire, amma shatin gam ɗin yana nan.

Sai yanzu Fadimatu ta gane murmushin Goggo a asibiti.

* * *

Bayan la'asar Usaid ya zo, ya zauna a kan tabarma a zaure kamar kullum, yana ƙamshin turare. Bai lura da idonta ba.

"Fadi, albishirinki. Rabu da likitan nan mai tsoro. Wani abokina ya haɗa ni da wani wuri a Legas, su ba ruwansu da jiran suga. Sati mai zuwa za su yi miki na ukun nan, na yankewa, har na sayi tikiti. Ya ce cikin wata uku ba za a gane ki ba."

"Likita ya ce zai ƙara mini ƙwannafi. Ya ce in an yanka ni da sugan nan ciwon ba zai warke da wuri ba."

"Haba, ki dogara ga Allah mana."

Ta zaro takalmin daga cikin hijabinta ta ajiye a tsakaninsu. Ta ɗora guntun salatif ɗin a kai.

Usaid ya duba. Bai tambayi mene ne ba. Wannan shi ya gama kashe ta.

"Ka sani ke nan."

"Ki tsaya in yi miki bayani."

"Ina tsaye shekara biyar, Usaid. Yi."

Ya share gumi da bayan hannu. "Goggo ce ta ce a ɗauki awon Khadijah, don a samu abin da za a gwada da shi. Wai in kin shiga kayan, an san kin cika sharaɗi."

"Takalmin ma? Tsawon ma? Wane aiki ne cikin huɗun nan yake rage tsawon mutum? Faɗa mini in zaɓe shi."

Ya gyara hularsa.

"In ban shiga ba fa? Za a ɗaga ranar?"

Ya sunkuyar da kai.

"Usaid, da kai nake. Za a ɗaga ranar?"

"Daada ta ce rana ba ta ɗaguwa. An riga an gaya wa dangi har garin Garwa." Muryarsa ta yi ƙasa har da ƙyar ta ji. "Ta ce in ba ki shiga ba, akwai mai shiga."

Hawayen da ta riƙe tun azahar suka zubo.

"Ka yarda?"

"Na yarda ne don na san za ki rame! Wallahi ke nake so, Fadi. Shi ya sa nake ta neman mai sauri. Ba ki ga yadda nake fafutika ba?"

"Na gani. Na ga ka zauna a gaban likita ana maganar yanka ni, ba ka tambayi ko zan tashi ba. Goggonka tana ciniki a kan tumbina kamar a gaban mai tsire, kana gyaran hula. Yanzu ka samo wanda zai yanka ni ba tambaya, don in shiga rigar ƙanwarka."

"Ba haka ba ne."

"To yaya ne? In na mutu a Legas, ranar tana nan, lefen yana nan, amarya tana nan. Ko zare ɗaya ba a yi asara ba. Wa ya tsara wannan? Ya iya lissafi."

"Kada ki zagi iyayena."

"Ban zage su ba. Su ba su taɓa cewa suna sona ba, ba su yi mini ƙarya ba. Kai ne ka ce."

Shi ma ya fara kuka, kukan babban mutum mai gemu, yana jan hanci. A da in ta ga hawayensa zuciyarta narkewa take yi. Yau ta dube shi ta ji kamar ta taka wani abu mai danshi a duhu.

"Me kike so in yi? Uwata ce!"

"Da ka ce mata wannan ƙazanta ce, ba zan kai wa 'yar mutane ba. Ba sai ka ɗaga murya ba. Amma kai ka ɗauko akwatin nan da hannunka ka sa a mota, ka san sunan wa ke ciki."

"Ki ba ni lokaci, zan gyara."

"Ka san abin da ya fi ba ni ƙyama? Jiya da matan suka tafi na rufe ƙofa na ɗauki rigar nan na ɗora a jikina a gaban madubi. Na ce Fadimatu, ki daure, saura kaɗan. Ina roƙon Allah Ya mayar da ni wata mace, ban ma san wata macen tana nan da ranta a Bako ba."

Ta miƙe.

"Fadi, don Allah. Tikitin Legas ɗin fa?"

"Ka ba Goggo. Ta je a rage mata baki."

Ta shige gida. Takalmin yana nan a gabansa a kan tabarma.

* * *

Labari ba ya kwana a unguwa. Washegari da hantsi sai ga a-kori-kurar Hamajoɗa a ƙofar gida. Manomin shinkafa ne daga Ngurore, shi ke kawo wa Inna buhuna. Matarsa ta rasu shekara uku, kuma sau biyu yana aiko wa Fadimatu da magana tana ba da haƙuri. Inna ce ta kira shi ya taimaka ya mayar da akwatuna Yola.

Ya loda su da kansa, sannan ya tsaya a zaure yana murza hula.

"Malama, na ji abin da aka yi miki. Ba su san daraja ba. Ni kam haka nake son ki."

Zuciyarta ta ɗan yi sanyi. Ta ɗago za ta yi godiya.

"Kada ki bari a taɓa jikin nan," ya ci gaba, idonsa na bin ta daga sama har ƙasa. "Ko tsoka ɗaya kada ki rage. Ni in na shiga da ke Ngurore, duk wanda ya gan ki zai san a gidan Hamajoɗa ana ci. In ma da hali ki ƙara."

"Ina da ciwon suga, Hamma. Ƙafafuna sun fara yin barci. Likita ya ce idona ma ya fara taɓuwa."

"Wannan ƙaramin abu ne, akwai jiƙo. Amma ki yi mini alkawari, ba asibiti."

Ta dube shi. Fuskar daban, hular daban, maganar ɗaya. Wancan yana son a rage don a nuna wa dangi, wannan yana son a ƙara don a nuna wa gari. Duk cikinsu ba wanda ya tambayi yadda ta kwana.

"Na gode da ɗaukar kaya," ta ce. "In ka isa, a hannun Goggo za ka damƙa. Ka ce mai su ta gwada, za su yi mata."

* * *

Da Inna suka koma asibiti, a keke napep. Inna ta riƙe hannun 'yarta har suka zauna.

Dakta Apollos ya leƙa bayansu. "Yau ba rakiya?"

"Ga rakiyata," in ji Fadimatu. "Dakta, maimaita mini na huɗun. A hankali. Jiya ban ji da kyau ba, ana surutu."

Ya maimaita. Ta tambayi abin da zai iya faruwa a ɗakin tiyata, ya faɗa mata bai rage ba. Ta tambayi azumi, ya ce na shekarar farko sai sun duba tare. Ta tambayi haihuwa, ya ce in ta jira lokacin da ya ce, ciki zai fi mata sauƙi fiye da yanzu. Inna ta tambayi abu ɗaya tak.

"Likita, 'yata za ta tashi?"

"Rai na Allah ne, Mama. Amma in ta bi abin da na ce, haɗarin barinta haka ya fi na aikin."

"To yayanta na Kaduna ya daɗe yana cewa a yi, shi zai tsaya. Ita ce take jiran wasu."

"Na huɗu nake so," Fadimatu ta ce. "Ba don riga ba. Ina son in ga allo in ina koyarwa, kuma ina son ƙafafuna."

Likitan ya buɗe littafinsa yana bin ranaku da biro.

"In suga ya sauka yadda nake so, akwai gurbi ɗaya. Asabar ta farko bayan Babbar Sallah."

Inna ta dubi Fadimatu da sauri. Ranar ce. Ranar da aka gaya wa dangi har Garwa.

"Ko in nemo miki wata?" ya tambaya, ganin yadda suka yi.

"A'a. Ranar ba ta ɗaguwa. Rubuta."

Ya miƙo mata takardar amincewa. Ta ɗauki biro ke nan wayarta ta fara ruri a kan tebur. Lambar tana cikin wayar shekara biyar, ba ta taɓa haskawa ba ko sau ɗaya. Daada.

Inna ta ga sunan, ta dafe ƙirji. "Fadimatu, babba ce. Ko za ki ɗauka?"

Wayar ta katse, ta sake ɗaukar ruri.

Fadimatu ta kifa ta a kan tebur. Tana ta kuka a ƙarƙashin tafin hannunta na hagu, na dama kuma ya rubuta sunanta cikakke, har da na mahaifinta.